Kirinjijiya Suna Nan Lafiya Lau

Ban san ranar da kunnena ya daina jin kukan kirinjijiya ba. Irin wannan abu ba ya yi wa mutum sallama. Da rana ɗaya aka wayi gari aka ji shiru, da kowa ya fito ƙofar gida yana tambayar maƙwabcinsa, amma a hankali abin ya janye jiki, yadda baƙin gashi ke barin kai, kafin a lura an yi rashi ƙarar janareto da ta Adaidaita sun cike wurin. Yanzu in na idar da sallar asuba a ɗakina a Darmanawa, abin da ke fara shigo mini ta taga shi ne mai ruwa yana buga jarka a kan kurarsa, sai hon ɗin masu kai yara makaranta. Na yi shekaru a haka ban damu ba. Jikata ce ta tono zancen, ni kuma na tafka abin da har yau in na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da kuwa ni kaɗai ce a ɗaki.

A Gyadi-Gyadi aka haife ni, tun zamanin da in mutum zai shiga birni sai an yi masa Allah ya kiyaye hanya. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi, tsakaninsu gonakin dawa da gyaɗa, shanu suna ratsa mu safe da yamma. A bayan gidanmu akwai kududdufi, ramin da kakanninmu suka yi ta ɗibar ƙasar gini a cikinsa har ya zurfafa ya riƙe ruwa. In damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, ya haɗe da fadamar da ta gangara wajen Tarauni, bado ya rufe gefensa da farin fure. Ba ma shan ruwansa, na sha sai rijiya, amma duk sauran wahalar gida a can take ƙarewa. Mu 'yan mata mu ke kai tukwane da kwanuka mu dirje su da toka da yashi har yatsunmu su yi fari. Mu yi wanki da sabulun salo, mu baza a kan ciyawa, mu danne da dutse, sannan mu tattare zane mu shiga ruwa iya gwiwa muna tsinkar 'ya'yan bado muna ci. In aka ga mun daɗe sai a turo wani ya tsaya kan tudu yana ƙwala kira, mu kuwa mu yi kamar iska ce ke kaɗawa. 'Yan matan yanzu ga famfo a tsakar gida ga soson waya, amma in ka ba su kwano uku sai sun huta a tsakani sun duba ɗaya wayar.

Ba mu kaɗai ke da kududdufin ba. Shamuwa ce ke fara zuwa, ta sauka kan rimin bakin hanya tun ƙasa na da zafi, kuma ranar da aka gan ta maza za su hau soro gyaran indararo, mata su fara tsintar irin shuka. Balbela kullum tana nan tana bin ƙafar shanu. Zalɓe shi kaɗai yake zuwa, ya tsaya a ruwa da dogon wuyansa bai kula kowa ba, kamar sabon malamin da aka turo ƙauye. Amma waɗanda suka fi shiga raina su ne kirinjijiya, agwagin daji masu farar fuska da jan ƙirji. Ba irin kukan agwagwar gida suke yi ba, fito suke yi, siriri, gaɓa uku, kuma tun suna sama ake jin su kafin a gan su. Da sassafe ina hura wutar ɗumame sai in ji fiton ya ratso ta kan gidanmu, garke bayan garke, in san sun sauka. Wata shekara su cika ruwan har sai mun kaɗa su kafin mu sami wurin ɗauraya, wata shekara 'yan kaɗan can tsakiya. Babu wanda ya ƙirga, wa yake da wannan lokacin. Manya dai baƙi suke kiran su. Su ce bana ruwa ya yi baƙi, ko kuwa bana baƙin sun yi mana rowar kansu.

A zauren gidanmu akwai Baffa, yayan mahaifina, wanda idonsa ya tafi tun kafin in yi wayo. Da kunne yake sanin duniya, ya san takun kowa a gidan, kuma da kukan tsuntsu yake lissafin shekara. In ya ji kirinjijiya sai ya gyara zama a kan buzunsa ya ce, “To alhamdu lillahi, bana ma an ga kaka.” Ni ke kai masa koko da safe. Sai aka yi wata shekara ta fari. Ruwa ya yi kaɗan ya ɗauke, dawa ta tsaya iya ƙugu ta ƙone, kududdufi ya yi ta janyewa har ya koma taɓo, taɓon ya tsattsage kamar dunduniyar mai faso. Lokacin zuwan baƙi ya yi ya wuce, sama shiru. Wata safiya na ajiye masa koko, ya riƙe hannuna ya ce, “Ke 'yar nan, kunnena ne ya fara bin idona, ko kuwa baƙinmu ba su sauka ba?” Ni kuwa yarinya, baki ba linzami, na ce, “Babu ko ɗaya, Baffa. Ruwan ma babu, sai taɓo da mushen kwaɗi.” Ya saki hannuna. Kokon nan haka na dawo na ɗauke shi, ya yi sanyi ya daskare, ko ludayi bai sa ba.

Babarmu ta ga ƙwaryar, ta tambaye ni, na gaya mata. Ba ta yi faɗa a tsakar gida ba. Ta ja ni ɗaki, ta kama kunnena da yatsa biyu ta murɗa har hawaye ya zubo, sannan ta ce, a hankali yadda na waje ba zai ji ba, “Ba a ce wa babba babu. Ba a ce wa baƙo babu. In an tambaye ki abu ki ce yana nan, in ya yi tsanani ki ce bai ƙaraso ba. Bakin mutum yana kira, ki saba wa naki kiran alheri.” Washegari Baffa bai tambaye ni ba, ni ce na durƙusa na ce, “Baffa, ashe baƙin suna nan, sun dai tsaya a hanya ne.” Ya yi murmushi ya ce ai ya sani, ya shanye kokonsa tas. A lokacin na ɗauka ya yarda ne. Yanzu da na kai shekarunsa ina jin tausayin kunnena ya ji. Da damina ta zagayo aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kirinjijiya suka zo yadda ban taɓa gani ba, fitonsu ya hana mu jin kiran gida, wannan karon da gaske. Babarmu ta kalle ni ta ce, “Kin gani ko?” Na gani kuwa. A ƙuruciyata na yarda bakina ne ya kira su.

Da wannan tarbiyya na girma, da ita na riƙe gida, kuma duk sa'o'ina haka muke. A ce ina gajiya, ki ce ba gajiya, alhali bayanki kamar ya tsinke. Ya mai jiki, da sauƙi, ko da ya daina gane mutane. Ina su wance, suna nan lafiya lau, ko rabonki da su tun Sallar bara. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, sutura ce, mai tambaya ya sani, mai amsa ta sani, kowa ya tashi da mutuncinsa. Yaran yanzu ka ce musu ina kwana su fara jero maka ciwon kai da rashin wuta da tsadar mai, na sha yi musu dariya a kan haka.

Aure ya kawo ni Darmanawa, iyaye suka rasu, aka raba gado aka sayar da gidan. Tsakanina da Gyadi-Gyadi ba wata tafiya ba ce, nakan ma ratsa ta titi a mota in za a kai ni asibiti ko biki. Amma lungun gidanmu ban ƙara shiga ba. Nakan ji ana cewa ana cike kududdufai da shara ana yanka filaye, in ce Allah ya kyauta, in ɗauka na wasu ake nufi. A cikin kaina namu yana nan yadda na bar shi, da badonsa da komai.

Jikar da nake zance takwarata ce, shi ya sa ake kiranta Ummi. A hannuna ta tashi tun daga yaye, labarin kududdufi kuwa ta sha shi har ta haddace. Yanzu nas ce a babban asibitin koyarwa da ke kusa da mu. Yarinya ce mai gardama, ko ubanta sai ya kawo mata hujja, amma ni maganata yankan wuƙa ce a wurinta. In ana musu a gida ta ce “Inna ce ta faɗa”, an rufe zance ke nan. Ba zan ɓoye ba, a duk abin da tsufa ya rage mini, da wannan na fi ji. Haƙora sun tafi, gwiwa ta tafi, amma akwai mutum ɗaya mai ilimin boko da ke ɗaukar maganata yadda na faɗe ta.

Sai ta shiga wata ƙungiya ta masu kallon tsuntsaye. Ma'aikatan asibiti ne da ɗalibai, ranar hutu su tashi tun duku-duku su tafi bakin dam ko fadamun bayan gari, su tsaya da madubin hangen nesa suna kallon tsuntsayen ruwa suna ƙirgawa. Da ta gaya mini na yi dariya har da tari. Na ce, “Ku kama ku soya?” Ta ce a'a. Na ce, “Wato ku kalla ku dawo gida da yunwa. Lallai aiki ya yi muku kaɗan a asibitin nan.” Ta ce, “Inna, ba za ki gane ba. Wata shekara mu tarar da su da yawa, wata shekara kamar an share. So muke mu san ko raguwa suke yi da gaske, ko wuri suke sakewa.” Na ce ai wannan tun ina goye na sani, baƙi ne, ran da suka ga dama suke zuwa.

Wata rana da yamma ta zo mini da abokiyar aikinta, Sista Ngozi. 'Yar Kudu ce, Kirista, amma a Tarauni aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta wasu jikokina. Ta durƙusa har ƙasa, abin ya burge ni, muka shiga gaisuwa. Mama ina wuni, na ce lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya ƙafa, da sauƙi. Ya mutanen gida, suna nan lafiya lau. Sai ta ɗora, da muryar nan dai ta gaisuwa, tana murmushi.

“Mama, ina kirinjijiyar Gyadi-Gyadi da Ummi ke ba mu labari?”

“Suna nan lafiya lau,” in ji ni.

Wallahi bakina ne ya tafi shi kaɗai, kamar jakin da ya san hanyar gida. Na ga sun kalli juna. Sista ta gyara zama ta ce, “A cikin gari? Har yanzu, Mama?” A nan ne ya kamata in yi dariya in ce gaisuwa ce, 'yar nan. Amma baƙuwa ce a kan tabarmata, ta durƙusa mini, ga jikata ta ɗaga kai tana yi mata kallon ai na gaya miki. Na ce, “Ina za su je? In damina ta ɗauke, da sassafe, sai kun toshe kunne.”

Da ta raka baƙuwar ta dawo, Ummi ta zauna a bakin gadona ta ce, “Inna, da gaske kike? Don zan gaya wa Dakta, shugabanmu. Mun daɗe muna neman wuri a cikin gari, in na ce su zo mota guda za a ɗauko.” Babu baƙo a ɗakin, daga ni sai ita, don haka a nan ba ni da wata hujja. Abin da ya hana ni shi ne yadda ta yi tambayar, irin ta wadda ta riga ta san amsa. Na ɗaure fuska na ce, “Yau kuma ni kike tuhuma?” Ta rungume ni tana ba ni haƙuri. Ta so ta leƙa wurin kafin a kwaso mutane, na ce lungun ba ya kwatantuwa sai da ni, ita kuma aikin kwana ya sha kanta.

Aka sa rana, kuma ba kusa ba, sai da aka jira ruwa ya ɗauke. Ina da jikoki masu babur, da na ce wa ɗaya je ka duba mini bayan tsohon gidanmu, da kafin shayina ya huce ya dawo. Ban aika ba. Kullum in ce gobe. Gaskiyar magana tsoron amsar nake yi. Maimakon aike sai na koma lissafin yarinta: ai an taɓa yi, na ce suna nan alhali ba sa nan, kuma suka zo. Tsohuwa da ni, da carbi a hannu, ina zaune ina jiran bakina ya kira agwagi.

Ranar ta zo, na ci ado na yafa mayafin biki. Bas ce cike da mutane, aka ba ni gidan gaba, Dakta da kansa ya buɗe mini ƙofa, dattijo mai furfura, yana cewa, “Hajiya, yau ke ce malamarmu.” Ummi a bayana tana gaya wa na kusa da ita abin da za su gani. Muna barin titi muka shiga unguwa na ɓace. Ina rimin, ina rijiyar? Bene a jikin bene, shaguna, kemis, masu cajin waya, kwata na gudu a tsakiyar lungu. Na ce a yi dama, muka ci karo da katanga. Na ce a koma, muka ɓulla inda muka shiga. Daga ƙarshe wani tsohon masallaci ne ya cece ni, an yi masa siminti da fenti amma kusurwarsa ba ta sake ba, na ce daga nan gangarawa ake yi. Muka sauka muka taka, Ummi na riƙe da hannuna, su kuma suna bin mu a hankali, an hana kowa magana kada a firgita tsuntsaye.

Wari ne ya fara tarar mu. Inda muke shanya wanki gidan bulo ne, inji na ta bugu. Inda bado yake an yi wurin wankin mota. Abin da ya rage na ruwan bai fi tsakar gidan mutum ba, kore shar, leda da robobi sun yi masa murfi, bututun gidaje sun zuro baki suna tsiyaya a ciki. Balbela biyu a kan juji, farinsu ya koma ruwan toka. Na tsaya ina kallo. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma can gefe, a gindin wata katanga, idon nan nawa da ba ya gani sosai ya hango wasu abubuwa suna iyo a jere. Na manta an ce a yi shiru, na miƙa hannu na ce, “Ga su can! Ban gaya muku ba?”

Duk suka ɗaga madubi a tare. Wani ɗalibi ya juya baya, kafaɗarsa na rawa. Sai wani mai buga bulo da ya tsaya kallonmu ya matso yana goge hannu a riga ya ce, “Hajiya, in agwagin nan ne, na matar gidan can ne. Ga ma tsumman da ta ɗaura musu a ƙafa. In saye za ku yi sai in yi muku sallama da ita.”

Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba adon magana ba ne. Kafin in buɗe baki Ummi ta riga ni. Ta saki hannuna, ta juya ta fuskanci mutanenta, ta yi magana da Hausa don in ji.

“Dakta, ku yi haƙuri, laifina ne. Inna labarin zamanin da take ba ni, ni ce na yi gaggawa ban tsaya na ji ƙarshen maganar ba. Ni na tashe ku a banza.”

Sista Ngozi, wadda a kunnenta na faɗi abin da na faɗa, ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar madubinta. Kowa a wurin ya ji ni ina cewa ga su can, kowa ya san rufi ne, kuma kowa ya karɓa yadda ake karɓar ba gajiya. Yarinyar da na goya ta tsaya a gaban shugabanta da abokan aikinta ta yafa wa kanta shirmen da ba nata ba don ta rufa mini asiri, ni kuma na tsaya a bayanta na bar ta. Dariyar ɗalibin nan ba ta ci ni ba kamar wannan.

Dakta mutumin kirki ne. Ya ce babu wanda ya tashi a banza. Ya sa aka rubuta balbelun, aka rubuta babu a gaban sauran, ya juyo ya ce mini, “Hajiya, a aikin nan namu babu ma amsa ce. In ba a faɗi babu a inda babu ba, ba za mu gane inda suka koma ba, ko kuwa ƙarewa suke yi.” Ya tambaye ni yadda wurin yake a da, ina ne iyakar ruwan, wane lokaci suke zuwa. Na amsa a gajarce, kaina a ƙasa, labarin da na saba jan sa kamar zare ranar ya ƙi fita. Babarmu nake tunani, Allah ya ji ƙanta. Ba na cewa ta yi kuskure. A zamaninta ruwa na tafiya ya dawo, wanda ya ce suna nan bai yi nisa da gaskiya ba, jinkiri kawai ya rufe. Ba ta san za a yi zamanin da za a zuba wa ramin shara a kafa bulo a kai ba. Ni ce na riski zamanin, na kuma ƙi kallonsa.

Suka sauke mu a ƙofar gida, suka wuce wani dam a bayan gari don kada su tashi a tutar babu, Ummi ta ce ba za ta bi su ba. Na ji daga baya sun sami kirinjijiya a can, ba da yawa ba, kuma ba daga bakinta na ji ba. Ta kai ni ɗaki, ta cire mini takalmi, ta haɗa mini shayi. Na jira ta yi faɗa, don da ta yi da na sami ƙofar ba ta haƙuri. Ba ta yi ba, har yau ba ta ɗaga zancen ba, ni ma bakina ya yi nauyi, mu ba mu saba babba ya ce wa ɗan da ya goya yafe mini ba. Ba ta rage mini komai ba. Tana zuwa, tana kawo mini ayaba da lemo, tana yanke mini farce. Tana kuma fita kallon tsuntsayenta, sai dai in ta dawo ba ta ƙara zama a bakin gado ta kwatanta mini wanda ta gani ta ce, Inna mene ne sunansa da Hausa ba.

Shekaranjiya ta biyo daga wurin aiki da fararen kayanta. Na tashi da jiri, kaina kamar ana daka a ciki. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, “Inna, ya jikin?” Na ce da sauƙi. Da can in na faɗi haka sai ta ce alhamdu lillahi, ta miƙe ta shiga kicin neman ƙanzo. Wannan karon ta ce, “To madalla,” da ladabi ƙwarai, ta buɗe jaka ta ciro abin awon hawan jini, ta naɗe mini hannun riga. Ba fuskata take kallo ba, lambar abin take kallo. Na miƙa mata hannun.